Ko Na Waye

A ofishin tsara gari babu mai kiran mataimakin shugaban sashe da sunan da aka raɗa masa. Angama ake ce masa, daga masinja har ciyaman, domin ba a taɓa kawo masa magana ya bari ta kai ƙarshe ba. Kana cikin cewa, “Ranka ya daɗe, kwatar nan ta bayan kasuwa,” zai ɗaga hannu ya ce, “An gama!” Kwatar kuwa tana nan har yau, ta ma yi ’ya’ya. Shi a wurinsa da zarar ya furta to aiki ya kammala, abin da ya rage na ƙananan ma’aikata ne.

Abin ya ƙara ta’azzara tun da aka tura shi wani taron muhalli a ƙasar waje. Waɗanda suka je tare da shi sun rantse barci ya sha a kujerar baya, bai farka ba sai da aka fara raba jakunkuna. Amma ya dawo da katin shiga taro mai igiya, kuma katin nan bai sake barin wuyansa ba. Da shi yake zuwa ofis, da shi yake zuwa aski. In gardama ta yi zafi sai ya kama katin da yatsu biyu ya ɗan ɗaga, ya ce, “Mu da muka je muka gani.”

Bayan layin da yake haya akwai fili ɗaya tak da ya rage wa unguwar, sauran duk shaguna da gidajen mai sun cinye su. Ba wani filin a zo a gani ba ne. Manyan bishiyoyi ne da suka girmi duk mai zama ƙarƙashinsu, da kududdufi a tsakiya cike da kainuwa da kwaɗi, da ciyawar da mai wanki ke shanya a kai. Da yamma balbelu kan dawo su sauka a kan rassan, fari fat, sai ka ce mai wankin ne ya hau sama ya yi shanya. A nan surukin Angama, tsohon direban motar asibiti, ya kafa bencinsa tun da ya ajiye aiki, shi da tsofaffin layin. Nan mata ke fitowa shan iska in zafi ya kore su daga ɗaki, nan ake ƙwallo, nan ake sasanta rigima.

Akwai kuwa wani attajiri da ake kira Mai Shaguna, wanda ya daɗe yana zuwa ya tsaya da mota a bakin filin yana haɗiyar yawu. Majalisar gari ba ta da ko sisi, kuma ciyaman ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in ba a samu mai ɗaukar nauyin filin ba, sayar da shi za a yi. Ana cikin wannan fargaba sai wani asusu mai tallafa wa garuruwa su kiyaye buɗaɗɗun filayensu ya turo wakiliyarsa.

Wata mata ce siririya mai magana a hankali, Dakta ake ce mata, da madubin hangen nesa rataye a wuyanta. Tun daga nan Angama ya ji ba ta kwanta masa ba, don abin wuyanta ya fi nasa nauyi. Ta tsaya gaban kansiloli ta ce ta zaga filin, ta ga tsuntsayen, ta ga ruwan, kuma asusun a shirye yake ya riƙe wurin har abada.

“Sharaɗinmu ɗaya ne,” in ji ta. “A bar shi yadda yake. Zan dawo nan gaba kaɗan. In na tarar da shi yadda na bar shi, sai mu sa hannu.”

“An gama!” in ji Angama, tun ba a ba shi izinin magana ba.

Ya miƙe, ya gyara kati, ya hango Mai Shaguna zaune a kujerun ’yan kallo. Nan fa kai ya kumbura. Ya ce dole a yi doka yau ɗin nan, kuma shi zai faɗe ta: duk filin da aka samu tsuntsayen nan sun kafa sheƙa a kansa, an kiyaye shi ke nan, ba gini, ba tono, ba ɗaukaka ƙara.

Sakatare ya ɗago daga rubutu. “Yallaɓai, me zai hana mu rubuta wannan filin kawai, da iyakokinsa?”

“Kai ƙaramin tunani gare ka. Rubuta duk fili. Ka ƙara da cewa ko na waye.” Ya juya ya kalli Mai Shaguna ido cikin ido ya maimaita, “Ko na waye!”

Wani kansila ya tambayi maganar diyya, in filin na wani ne.

“Diyya? A kafa kwamiti ya duba.”

Zauren ya fashe da dariya, don kowa ya san abin da ya shiga hannun kwamiti a garin nan sai dai jikoki su ji labari. Aka yi tafi, doka ta wuce, ciyaman ya damƙa wa Angama amanar filin har Dakta ta dawo.

Ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai, ya tarar da matarsa tana tare yoyon rufi da bokiti.

“Maman yara, yau na kafa tarihi.”

“To Allah ya sa ka kafa ginin nan ma,” in ji ta. “Ɗazu na leƙa filin namu. Bulon da ka jibge har ya yi gashi. Bishiyoyi sun fito a inda ka ce nan ne falo, sun fi ni tsawo sun fi ka.”

Gaskiyarta. Tun farkon aurensu Angama ya sayi wani fili a gangare, can bayan katangar makarantar da ta yi iyaka da filin unguwa. Ya haƙa tushe, ya ɗora bulo layi kaɗan, ya ce an gama. Tun daga lokacin duk shekara sai ya yi mata alkawarin gida mai lambu, ita kuma tana ta tare yoyo a gidan haya. Abin yana ci mata rai ƙwarai, kuma ba ta ɓoyewa.

“Ki kwantar da hankalinki. Dakta na sa hannu za a ƙara min girma, ana ƙara min girma sai rufi. Gida mai lambu, na faɗa miki.”

Washegari ya je duba amanar da aka ba shi. Aikin da ke gabansa shi ne mafi sauƙi da aka taɓa ba ɗan Adam, wato ya naɗe hannu. Amma Angama bai iya ganin abu ya ƙyale ba. Ya tsaya ya dubi ciyawa, ya dubi kainuwa, ya dubi bencin tsofaffi mai ƙafa ɗaya ta aro, sai kunya ta kama shi. Yanzu a nan za a kawo manyan baƙi da masu ɗaukar hoto? Su tambaya wa ke kula da nan, a nuna shi?

“Ɗan gyara kaɗan zan yi,” ya ce wa surukinsa bayan ya durƙusa ya gaishe shi.

“Na ji an ce cewa aka yi a bar shi yadda yake.”

“Baba, ai wannan maganar manya ce, tana da ciki. Yadda yake, wato yadda ya kamata ya kasance.”

“Allah ya ba da sa’a,” in ji tsohon. “Ni dai da na yi tuƙi, in likita ya ce kar a motsa majinyaci, ba na tsayawa yi masa aski.”

Da allo ya fara. Ya sa aka zana ƙaton allon sanarwa, aka rubuta Buɗaɗɗen Filin Al’umma da ƙananan baƙaƙe, aka sa hotonsa da katinsa ya cinye ragowar wurin. Aka kafa shi ƙarƙashin bishiyar da ta fi kowace girma. Da yamma balbelu suka dawo. Da safe Angama ya zo ya tarar an yi wa hotonsa farin gemu har ƙirji, an rufe masa ido ɗaya.

Mai wanki ya matso yana dubawa. “Yallaɓai, wallahi ya yi maka kyau. Ka ƙara kwarjini.”

Aka wanke allo. Kashegari gemun ya dawo har da saje. Angama ya ce wannan cin mutunci ne da gangan. Ya sa aka rataya gwangwanaye a rassa, tsuntsaye suka mayar da su wurin hutu. Ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, suka yi wa mutum-mutumin abin da suka yi wa hoton. Kowa a layin ya ba shi shawarar ya matsar da allon gefe, shi kuwa ya ce hukuma ba ta matsa wa tsuntsu.

Sai ya kira mai saran itace ya ce a rage rassan da ke kan allon kawai. Da aka zo maganar lada Angama ya nuna wayo, ya ce ba za a taɓa baitulmali ba, mai sara ya ɗauki duk abin da ya sare ya zama ladansa. Ya wuce ofis yana yaba wa kansa. Mutumin da aka ce ladansa abin da ya sare ne kuwa ba ya gajiya. Ya kira ƙannensa da amalanke. Kafin Angama ya taso daga aiki bishiyoyin nan sun koma kamar turakun wutar lantarki, tsofaffi na zaune a rana kowa da kwali a ka.

Gabansa ya faɗi, amma da ya ga jama’a sun zuba masa ido sai ya kama kati.

“Madalla! Haka nake so. Ku karanta allon nan, me aka rubuta? Buɗaɗɗen fili. Da a rufe yake, yanzu na buɗe shi.”

“Ka buɗe shi kam,” in ji surukinsa daga ƙarƙashin kwali. “Har ƙeyata ta shaida.”

Da yamma balbelu suka zo suka yi ta shawagi, ba wurin sauka. Suka kewaya, suka sake kewayawa, sannan suka yi gangare suka ɓace bayan katangar makaranta. Tsohon ya bi su da kallo har suka ƙule. Tun rasuwar matarsa dawowar tsuntsayen nan ce agogonsa ta tashi ya shiga gida, ranar bai san lokacin da zai tashi ba. Angama kuwa ya ce yawo suka tafi, za su dawo, shi ya san halin tsuntsu.

Da inuwa ta tafi, rana ta samu kududdufi, ya fara tashi da wani irin wari. Angama ya zo gwajin jawabin da zai yi ranar sa hannu, ya hau kan benci ya ce, “Ya ku jama’a,” kwaɗi suka amsa gaba ɗaya. Ya sake, suka sake. Mata da ke wucewa suka tsaya suna riƙe ciki.

“A rage ruwan nan,” in ji shi. “Kaɗan.”

Ya kawo leburori, ya shimfiɗa taswira a kan bencin surukinsa, ya dafa ta da hannu biyu kamar mai shirin yaƙi. Ya ce a haƙa lambatu daga nan, ruwa zai bi ya faɗa babbar kwatar titi.

Shugaban leburorin ya sosa ƙeya. “Yallaɓai, titin nan kamar ya fi nan tudu.”

“Kai, ina ruwa yake bi, sama ko ƙasa?”

“Ƙasa.”

“To duba taswira. Ina titi yake? Ga shi nan a ƙasan takarda. Ko kana so ka yi gardama da taswirar hukuma?”

Suka haƙa. Ruwa ya shiga lambatun ya ɗan yi gaba kamar mai biyayya, ya tsaya ya yi tunani, ya fasa gefe ya juya abinsa. Ya bi gangare, ya ratsa ta ƙarƙashin katangar makaranta ya tafi, da kainuwarsa da kwaɗinsa da komai. Ba kaɗan ya ragu ba, duka ya tafi. Angama bai bi sawunsa ba, ya ce ruwan da ya bar filin hukuma ya fita daga hurumin ofishinsa.

Bayan ’yan kwanaki matarsa ta tare shi a ƙofa.

“Baban yara, ka kuwa leƙa filinmu? Ruwa ne ya...”

“An gama!”

“Me aka gama? Ina ce maka falon nan...”

“Maman yara, ina fama da filin al’umma kina kawo min maganar falo. Bari Dakta ta zo ta tafi.”

Ta dube shi, ta dubi bokitin yoyo, ta ce, “To shi ke nan. Allah ya kai mu.”

Yanzu tsakiyar fili ya zama ƙaton rami mai taɓo, ga kifaye ƙanana suna ruɓewa. Angama na tsaye yana toshe hanci sai ga motar Mai Shaguna. Attajirin ya fito da fara’a, ya kama hannunsa da hannu biyu.

“Ranka ya daɗe, ni fa na sallama. Tun ranar da ka ce ko na waye na san na haɗu da namiji. Ka bar ni in samu lada, ina da tifa ina da katafila, su cike maka ramin nan kyauta.”

Daɗi ya kama Angama har kunne. Ya zaga layin yana ba da labarin yadda ya durƙusar da Mai Shaguna. Tifa ta yi ta juye ƙasa, katafila ta yi ta bi tana dannewa. Direban ya ce kututturan nan suna hana shi juyawa, Angama ya ce a tuge su, ya bar guda biyu don tarihi. Kafin mako ya zagayo fili ya zama shimfiɗaɗɗe, ja wur, ba ko tsinke. Mai wanki ya shanya zannuwan mutane suka tashi da jar ƙasa, ya sha zagi a gidaje. Wasu ma’aikatan Mai Shaguna ma har da ɗan gwaje-gwajensu da igiya, suka ce duba lafiyar aikin suke yi.

Sai ga saƙo: Dakta na tafe jibi.

A nan ne Angama ya tuna da ciyawa, ya tuna da ruwa, ya tuna da tsuntsaye. Wani ne da sai ya kwanta ciwo, shi kuwa sai ya ce dama yana da tsari na biyu. Ya je wurin masu ba da hayar kayan taro ya kwaso korayen kafet aka shimfiɗa. Ya sa aka haƙa ɗan rami aka binne bahon wanka, aka cika shi da ruwan famfo. Ya sa aka ɗaure rassan aro a jikin kututturan biyu. Saura tsuntsaye.

“Fari dai fari ne,” in ji shi. “Daga nesa za ta duba.”

Ya bi gida-gida yana aron fararen kaji. Aka ɗaɗɗaure su da zare a kan rassan aron, suna ta haki. Ya ɗauko kukan tsuntsaye a wayarsa aka haɗa da lasifika aka ɓoye bayan allo.

Ranar ta zo. Aka kafa rumfuna, ciyaman ya zo da kansiloli, masu ɗaukar hoto suka jeru, unguwa kaf ta fito, don babu wanda zai yarda a ba shi labarin wannan rana. Mai Shaguna ya samu kujerar gaba ya harɗe. Da la’asar motar Dakta ta tsaya. Ta fito, ta yi taku kaɗan, ta tsaya cak, ta juya wurin direbanta.

“Ka ɓata hanya. Ba nan ba ne.”

“Nan ne, ranki ya daɗe!” Angama ya taho da sauri, kati na lilo. “Barka da zuwa buɗaɗɗen fili. Kin gan shi, ba abin da ya tare shi, daga nan har can.”

“Ina bishiyoyin?”

“An taƙaita su.”

“Ruwan fa?”

Ya nuna baho. “An tsaftace shi.”

Ta sunkuya ta ɗaga gefen kafet, ta ga jar ƙasa, ta sake shi. “Malam, me na ce a yi wa filin nan?”

“Kin ce a bar shi yadda yake. To ga shi, a inda yake yake. Ko taku ɗaya bai matsa ba.”

Wani daga baya ya ce, “Wannan kam gaskiya ne,” aka kwashe da dariya. Angama ya ɗauka yabo ne, ya yi wa mai lasifika alama. Kukan tsuntsaye ya cika wuri, mai daɗi kuwa. Ya miƙa hannu wajen kututturan ya ce, “Ga kuma amanarki, ko ɗaya ba ta ɓata ba.”

Dakta ta ɗaga madubinta ta saita. Ta daɗe tana kallo. A daidai lokacin babbar balbelar da ke reshen sama ta miƙe wuya, ta buga fiffike, ta yi cara.

Sai wata mata ta ce, “La, zakarana ne! Ai cewa ya yi hoto kawai za a ɗauka!”

“Irin na ƙasar waje ne,” in ji Angama, gumi na bin wuyansa. “Mu da muka je muka gani...”

Bai rufe baki ba wata balbelar ta saki ƙwai, ya faɗo ya fashe a kan takalmin ciyaman. Zakaran ya fizge zarensa ya yi tsalle, reshen aro ya ɓalle, kaji suka zubo suna kururuwa suka shiga ƙarƙashin kujerun kansiloli. Masu kaji suka bi kajinsu. Wani kansila ya ja da baya ya zauna cikin baho. Ana cikin haka kukan tsuntsaye ya yanke, waya ta yi ƙara a lasifika, mai riƙe da ita ya danna don ya kashe sai ya amsa. Muryar mai kayan haya ta karaɗe filin: “Yallaɓai Angama, a naɗe min ciyawata kafin magariba, akwai masu taro gobe!”

Har ciyaman sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Dakta kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce da ciyaman, a hankali kamar yadda ta saba, asusunsu na kiyaye abin da ke raye ne, nan kuwa ba abin da ya rage da za a kiyaye. Jin haka dariyar mutanen unguwa ta mutu, don sun san ma’anarsa. Mai Shaguna ya miƙe ya gyara riga, ya zo ya dafa kafaɗar Angama.

“Na gode, ranka ya daɗe. Da ni zan share wurin nan da sai an kai ni kotu.”

Dakta ta juya za ta shiga mota, sai inuwa ta gifta. Kowa ya ɗaga kai. Balbelu ne na gaske, garke guda, suna dawowa daga kiwo. Suka wuce ta saman allon Angama ko kallonsa ba su yi ba, suka yi gangare suka sauka bayan katangar makaranta. Dakta ta saki ƙofar mota ta bi su da ƙafa. Ciyaman ya bi ta, masu hoto suka bi ciyaman, unguwa ta bi masu hoto. Angama na biye a baya, kuma tun da aka sha kwanar katangar ya fara jan ƙafa, don ya san hanyar.

Ga ruwa kwance lumui cikin tushen gini, kainuwa ta rufe shi, kwaɗi na ta raira waƙa. Bishiyoyin da suka fito a falo da ɗakin kwana sun yi fari da tsuntsaye, ga sababbin sheƙuna a kowane reshe. Tarin bulo ya yi kore shar. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa wurin.

Fuskar Dakta ta washe. “Wannan shi ne abin da muke nema! Dubi yadda aka bar shi. Filin waye wannan?”

Angama ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

“Na mijina ne,” in ji matarsa daga cikin mata. “Nan ne falo, inda ƙaton kwaɗon nan yake zaune.”

“Ranka ya daɗe,” Angama ya matsa kusa da ciyaman yana raɗa, “ai dokar nan filin al’umma take nufi, ba na ma’aikaci ba.”

“Sakatare,” in ji ciyaman da ƙarfi, yana goge ƙwai a takalminsa da ciyawa, “tuna mana dokar.”

Sakatare ko takarda bai buɗe ba. “Duk filin da aka samu tsuntsayen nan sun kafa sheƙa a kansa, ba gini, ba tono, ba ɗaukaka ƙara...”

Unguwa gaba ɗaya ta ƙarasa masa: “Ko na waye!”

“To, diyya fa?” Muryar Angama ta koma ’yar siririya.

“Za a kafa kwamiti ya duba,” in ji ciyaman.

A kan tarin bulon Angama aka sa hannu. Kafin wata ya ƙare Mai Shaguna ya fara zuba harsashin gini a tsohon filin, bai ko sha wahalar share wuri ba. Mutanen layin suka yi baƙin cikinsu suka gama, sannan suka kwashi bencinsu suka gangara bayan makaranta. Mai wanki ya samu katangar ɗakin girki yana shanya. Surukin Angama ya zaɓi inuwar ɗakin baƙi, da yamma yana ganin saukar tsuntsaye yana tashi ya shiga gida. Allon ma can aka mayar da shi, ƙarƙashin bishiya, gemun ya dawo ya fi na da.

Ƙarin girma bai zo ba. Abin da ya zo shi ne sabon muƙami: an naɗa Angama mai kula da wurin, aikinsa ya tabbatar ba wanda ya ɗauki ko tsinke. A ofis yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa dama tsarinsa ke nan tun farko, sadaukarwa ce irin wadda ake koyarwa a taron ƙasar waje.

Wata yamma matarsa ta gangaro ta same shi tsaye bakin ruwa yana kallon abin da da zai zama falo. Ta tsaya gefensa ta naɗe hannu.

“Ka ce min gida mai lambu, Baban yara. To na ga lambun.”

Angama ya sunkuya ya ɗauki bulo ɗaya, ya ce ko wannan ya kai gida a danne kwanon da ke yoyo. Daga inuwar ɗakin baƙi surukinsa ya yi gyaran murya.

“Mijin ’yata, ajiye. A bar shi yadda yake.”

Angama ya dubi bulon, ya dubi matarsa ko za ta sa baki.

“Ajiye mana,” in ji ta. “Ai an gama.”